WASAN TASHE: TARIHINSA DA TASIRINSA

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan ɗan bayani shi ne wata tambaya da aka yi mana a aji, muka kasa amsawa.

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na Turanci ya ba mu labarin wani tsohon wasan kwaikwayo na mutanen Ingila mai suna Mikado. Ya ce irin wasan nan ne da Turawa ke kira ofareta, watau wasan ban dariya wanda ake haɗa magana da waƙa da kiɗa a cikinsa. Da ya gama sai ya ce, "To, ku Hausawa kuna da irin wannan?" Aji ya yi tsit. Can sai wani daga baya ya ce, "Malam, babu, sai dai finafinan Kano, su ma daga Indiya aka koyo." Aka yi dariya, aka buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Amma ni maganar ta tsaya mini a rai, domin ban yarda a ce al'umma mai yawa kamar Hausawa ba ta da wasan waƙa na kanta ba.

Da aka ba mu hutun azumi na koma gida Kumbotso, daga nan aka aike ni ƙauyen kakata a ƙasar Kura in taya kawuna aikin lambu. Wata rana bayan an sha ruwa na kawo mata maganar. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Kai maigida, ashe bokon naka bai tsinana maka komai ba. Wasan da ake waƙa ana ba mutane dariya, ba shi ne ka yi da gemun auduga kana ɗan shekara goma ba?" Nan take kunya ta kama ni. Ashe abin da nake nema a nesa yana ƙofar gidanmu, watau tashe.

Ma'anar tashe da asalinsa

Tashe wasa ne da yara da matasa, har da wasu manya, suke yi da dare a cikin watan Ramalana. Masana Hausa sun ce kalmar ta fito ne daga "tashi", domin tun asali ana yawo ne da kiɗa ana tashin mutane su yi sahur. A zamanin da babu agogo mai ƙara, babu lasifika a masallaci, wanda barci ya kwashe sai ya yi ɗore. Wanda ya fi shiga wannan hatsari kuwa shi ne gwauro, domin ba shi da matar da za ta tashe shi, balle ta ɗumama masa tuwo. Daga tashin mutane sai aka shiga yi musu ba'a, daga ba'a sai waƙa, daga waƙa sai kwaikwayo. Haka abin ya yi ta bunƙasa har ya zama wasanni iri iri, kowanne da sunansa da shigarsa da waƙarsa.

Hausawa sun kasa watan azumi kashi uku: goma ta marmari, goma ta wuya, da goma ta ɗokin salla. Ana fara tashe ne idan wata ya kwana goma, watau daidai lokacin da marmari ya ƙare, jiki ya fara laushi. Wannan ya nuna hikimar mutanen da. Sun lura cewa a tsakiyar wata ne mai azumi ya fi bukatar abin da zai ɗebe masa gajiya. Kuma ba a fita sai an sha ruwa an yi sallar asham, don kada wasa ya shiga hakkin ibada.

Yadda ake shirya shi

Duk wasan tashe yana da abubuwa huɗu. Na farko akwai jagora, wanda shi ne ke yin shigar wani mutum, yana ba da waƙa yana kwaikwayon halinsa. Na biyu akwai 'yan amshi, waɗanda ke kewaye shi suna karɓa masa, wani lokaci suna yi masa tambaya ko suna ƙaryata shi. Na uku akwai kayan shiga. Na huɗu akwai kiɗa.

Kayan ba a sayensu a kanti. Gemu na auduga ne, a manna shi da ƙaro ko koko. Furfura toka ce. Baƙin tukunya shi ne abin zane fuska. Tumbi kuwa tsummoki ne a cusa cikin riga. Doki na kara ne, ganga tsohon gwangwani ne ko galan, 'yan mata kuma su kifa ƙwarya su riƙa kaɗawa, ko su wadatu da tafi. Dandalin wasa shi ne ƙofar gida, ko zaure, ko bakin kasuwa inda dattawa ke hira. 'Yan mata da ƙananan yara su ne ke shiga cikin gidaje wurin matan aure, waɗanda ba su fita kallo. Idan an gama sai masu gida su ba da abin da ya sauwaƙa.

Kakata ta ce a zamaninsu hatsi ake ba su, gero ko dawa, su tara a ƙwarya, in an kusa salla su sayar su raba kuɗin, ko su yi girkin gayya. Ta ce abubuwa sun sake bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Daga nan sai 'yan tashe suka fara samun shinkafa da alkama, wani gidan har da tumatir da albasa. Amma ta ce ruwan ya zo da nasa. Da can rani lokacin hutu ne, maza sun tafi cin rani, yara ba su da aikin yi sai wasa. Yanzu kuwa yaron da ya wuni yana korar tsuntsu a gonar shinkafa, ko yana tsinkar tumatir da azumi a bakinsa, da ya sha ruwa sai barci.

Wasu wasanni da darussan cikinsu

Akwai wasan Tsoho da Gemu. Yaro zai sa gemu fari, ya ranƙwafa, ya dogara sanda yana rawar jiki yana tari. Mutane suna dariya, amma abin da ake tuna musu shi ne tsufa yana jiran kowa, kuma tsoho abin tausayi ne da taimako.

Akwai Jatau Mai Magani. Wannan shigar boka yake yi, ya rataya jaka cike da saiwoyi da sassaƙe, yana lissafa magungunansa da cututtukan da suke warkarwa. A nan yaro yana koyon sunayen itatuwan ƙasarsa ba tare da an zaunar da shi a aji ba. Har ila yau ana yi wa masu tallar magani shaguɓe, waɗanda ƙulli ɗaya nasu ke maganin ciwo ɗari.

Akwai wasan acici, wanda ya cika ciki da tuwo har ya kasa miƙewa, abokansa suna ɗaga shi yana komawa ƙasa. Duk wanda ya taɓa yin haɗama lokacin buɗa baki har sallar asham ta gagare shi, ya san da wa ake. Akwai na yaro mai ƙiriniya, wanda ake ɗaure wa igiya a ƙugu yana fizge-fizge. Akwai Ɗanda Dokin Kara, inda ake kwaikwayon sukuwar mahaya. Akwai kuma Macukule, wanda ake kwaikwayon Bagwari, irin wasan barkwancin nan da ke tsakanin ƙabilun da suka daɗe suna zaune tare. A ganina wannan yana bukatar lura a yau, don kada wasa ya zama raini.

'Yan mata suna da nasu, wanda ya fi shahara shi ne Mairama da Daudu. Yarinya ɗaya za ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta lulluɓe ta zama amarya, sauran suna waƙa suna nuna yadda zaman aure yake. Kakata ta ce ita kullum ita ce Daudu, domin ta fi sauran tsawo da baki. Wanda ya san ta ba zai yi musu ba.

Wanda na fi sani shi ne wasan malamin da ake zargi da yin rawa, domin shi na yi. Yaro zai sa babbar riga da rawani, ya riƙe allo da carbi. 'Yan amshi suna cewa an gan shi yana rawa, shi kuwa yana musu yana nuna gemunsa da allonsa a matsayin shaida. Ana cikin haka kiɗa zai ratsa shi, sai ga malam ya cashe. Shekarar da na yi shi, rigar Babanmu na ɗauka ba da saninsa ba, tana jan ƙasa. Muka yi ta zagaya unguwa har muka isa zauren wani dattijon malami da kowa ke jin nauyinsa. Abokaina suka ce mu wuce, ni kuwa ƙuruciya ta sa na ce sai mun yi. Ina tsakiyar rawa gemun ya ɓalle ya faɗi gabansa. Na tsaya cik, na ce yau kashina ya bushe. Sai dattijon nan ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki gemun ya miƙo mini ya ce, "Ungo, malam, mayar da ilminka." Ya ba mu dabino cike da hannu, sa'an nan ya juya ga almajiransa ya ce, "Kun gani, gemu da rawani ba su ne malanta ba." A lokacin dabinon kawai na gane. Sai yanzu na fahimci cewa wasan ba malamai yake zagi ba, munafunci yake tona wa asiri, watau mutum ya hana abu da rana ya aikata shi da dare. Rigar kuwa, da na koma gida da ita duk ƙura, ni da Baba mun san yadda muka ƙare.

Nalako da gwauraye

A birnin Kano tashe har sarauta gare shi. Akwai Nalako, wanda shi ne sarkin gwauraye. Gwauro shi ne wanda ya taɓa aure amma yanzu ba shi da mata, ba kamar tuzuru ba, wanda ya girma bai taɓa yi ba. Da azumi Nalako da jama'arsa sukan fita da kiɗa, su kamo gwauro su ɗaura masa igiya, su yi masa shiga ta ban dariya, su zaga da shi gari, har a kai gaisuwa fada da gidajen manya. Manufar ita ce a sa masu sakin mata barkatai su ji kunya, a kuma zaburar da marasa aure su nema. Abin da alƙali ba zai iya hukuntawa ba, domin ba laifi ne a shari'a ba, sai dariyar jama'a ta hukunta.

'Yan'uwan tashe

Tashe ba shi kaɗai ba ne. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke yin shigar sarki da hakimai da fadawa, suna kwaikwayon maganarsu da tafiyarsu, har mai mulki ya ga halinsa a jikin wani. A ƙauyuka akwai kalankuwa, wadda samari da 'yan mata ke yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, a naɗa sarki da alƙali da ɗan sanda da likita na wasa. Akwai kuma 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar karin waƙoƙin da aka sani ko salon karatun malamai, su mayar da kome maganar tuwo da miya da nama. Duk waɗannan tafarkinsu ɗaya: a sa rigar wani, a yi waƙa, a ba da dariya, a cusa gaskiya a ciki. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Ni na ƙara da cewa har mai ƙarfi ma da wasa ake faɗa masa, domin shi ne ba a iya tunkara kai tsaye.

Kwatanci da na waɗansu

Da na koma makaranta na sake bin labarin Mikado, sai na ga abin mamaki. Mutum biyu ne suka shirya shi, Gilbert ya rubuta magana, Sullivan ya tsara kiɗa. An fara nuna shi a birnin Landan a shekarar 1885, aka yi ta maimaita shi har sau 672 a jere. An ce labarin a Japan ya faru, 'yan wasa suka yi shigar mutanen Japan, amma a gaskiya manyan Ingila da dokokinsu ake yi wa ba'a. A ciki akwai wani mai girman kai da ya tattara kusan dukan muƙaman gari ya riƙe shi kaɗai, yana karɓar albashin kowanne. Wannan dabara ta fakewa da rigar wani, ita ce dai ta wasan gauta da tashe.

A nan Nijeriya ma Yarabawa suna da wasan waƙa mai ƙarfi. Hubert Ogunde ya yi wani mai suna Yoruba Ronu a shekarar 1964, wanda ya taɓa masu mulkin Jihar Yamma har suka hana ƙungiyarsa wasa a jihar, ba a ɗage hanin ba sai 1966. Wannan ya nuna cewa wasan waƙa ba abin rainawa ba ne.

Bambancin da na gani shi ne, na Turawa an rubuta shi, an san mai shi, ana biyan kuɗi a shiga kallo, kuma yakan ɗauki sa'o'i. Namu gajere ne, na kowa da kowa ne, yaro yana koya daga wansa, kuma shi ne ke zuwa ya sami mai kallo har gida. Rubutun nan shi ya sa nasu ya kai shekara 140 ana yinsa kamar yadda aka tsara. Namu kuwa a ka yake, in masu shi suka daina, ya tafi ke nan.

Tasirinsa

Da boko ya zo aka fara rubuta wasan kwaikwayo da Hausa, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Tsarin rubutun baƙo ne, amma masu kallo ba su sha wahalar karɓarsa ba, domin sun riga sun saba da ganin ana kwaikwayon halin mutane don gyara. Haka kuma da rediyo da talabijin suka zo. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna da wasan Samanja, yana kwaikwayon tsohon soja da Hausarsa ta bariki. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi Karambana. Kowannensu ya ɗauki hali guda ne ya zuzuta shi har ya zama abin dariya, kamar yadda ɗan tashe ke yi da tsoho ko boka ko acici.

Finafinan Kano na bidiyo sun fara ne da Turmin Danya a shekarar 1990. Gaskiya ne rawa da waƙar soyayya ta saurayi da budurwa daga finafinan Indiya aka ɗauko ta, a nan abokina bai yi ƙarya ba. Amma ɓangaren ban dariya na gida ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, yakan yi shigar ɗan sanda ko boka ko baƙauye ko ɗan wata ƙabila, yakan kuma ɗauki karin waƙar da ta yi tashe ya juya ta ta zama abin dariya. Wanda ya san tashe da 'yan kama ya san inda aka gado wannan. Kai, ko kalmar nan da muke faɗa cewa abu "yana tashe", tana tuna mini da yadda wasan ke cika gari a lokacinsa.

Halin da ake ciki

Abin baƙin ciki shi ne tashe yana ja da baya. Talabijin da waya sun ɗauke hankalin yara. Wasu kuma sun mayar da shi bara tsagwaronta, ba shiga, ba waƙa, sai buga gwangwani da miƙa hannu. Mafi muni shi ne 'yan daba da ke fakewa da shi su fito da makamai suna ƙwacen waya. Saboda haka ne a azumin 2025 rundunar 'yan sanda ta Jihar Kano ta ba da sanarwar dakatar da tashe. Ba na ganin laifin hukuma, domin rai ya fi wasa. Amma wake ɗaya ne ya ɓata gari. Ƙanena ɗan shekara takwas bai taɓa sa gemun auduga ba, domin Innarmu ba ta yarda ya fita da dare. Da na yi masa wasan Jatau a tsakar gida, tambayata ya yi a wane fim na gani.

Don haka ina roƙon abu uku. Na farko, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta shirya wasannin tashe a ranar ba da kyaututtuka, da rana, a gaban iyaye. Na biyu, kowane ɗalibi in ya je hutu ya zauna da kakarsa ko kakansa ya rubuto wasa ɗaya da waƙarsa da yadda ake shigarsa, mu tara a ɗakin karatu. Na uku, iyaye da masu unguwanni su taimaka a riƙa yin tashe cikin unguwa, da wuri, da wani babba yana biye da yara. In an yi haka ɓata-gari ba za su sami mafaka ba.

Na kai wa malaminmu amsar tambayarsa a rubuce, ya karanta ya ce in kawo ta wannan mujalla. Ni kuma na yi alkawari in Allah ya kai mu azumi mai zuwa zan nemo auduga da ƙaro in ɗaura wa ƙanena gemu, ko da a zauren gidanmu ne, amma wannan karon sai na nemi izinin Baba kafin a taɓa rigarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ikon riƙe abin kirki na gadonmu, ya jiƙan magabatanmu, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar, mutumin Kumbotso.